Amsa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Game Da Stefan Banach

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron ɗaliban lissafi na kwanan baya ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni ko rayuwar Stefan Banach, masanin lissafin ƙasar Poland, ba hujja ba ce cewa mai hazaƙa ba ya bukatar makaranta. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ga ya dace in amsa maka a rubuce.

Gaskiya ne Banach, wanda aka haifa a birnin Krakow a shekarar 1892, bai kammala karatun injiniyan da ya fara a Lwow ba, birnin da a yau ake kira Lviv a ƙasar Yukren. Sai dai ka duba yadda tauraronsa ya fito. A 1916 masanin lissafi Hugo Steinhaus yana yawo a wani lambu a Krakow sai ya jiyo samari biyu, ɗayansu Banach ne, suna ambaton aikin Lebesgue, masanin lissafin ƙasar Faransa, ya matsa kusa da su, daga bisani ya ba Banach wata matsalar da ta gagare shi, cikin 'yan kwanaki kuma saurayin ya dawo da amsa. Steinhaus ne ya ja hannunsa zuwa cikin malamai, har Banach ya gabatar da kundin digirinsa na uku a 1920, ya kuma wallafa littafinsa kan wani fannin lissafi mai zurfi (linear operations) da Faransanci a 1932.

Abin da ya fi burge ni shi ne majalisarsu ta gidan shan gahawa na Szkocka a Lwow, inda Banach da abokansa masana lissafi Stanisław Mazur da Stanisław Ulam kan shafe sa'o'i suna rubutu a kan tebur, har aka tanadar musu littafi na musamman a 1935. Matsaloli 193 aka rubuta a ciki, wasu har da tukuici. Mazur ya yi alkawarin dinya mai rai ga duk wanda ya warware matsala ta 153, kuma sai a 1972 Per Enflo, ɗan ƙasar Suwidin, ya karɓe ta. A ganina wannan ma makaranta ce, mai tsananin gaske, domin ba a ɗaga wa kowa ƙafa in hujjarsa ta yi rauni.

Lokacin mamayar Jamus, da aka rufe jami'o'in Lwow, Banach ya tsira da ransa ta hanyar ciyar da ƙwarƙwata da jininsa a cibiyar binciken Rudolf Weigl, masanin da ke haɗa rigakafin zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Sankarar huhu ta yi ajalinsa a Lwow ranar 31 ga Agusta, 1945, yana da shekara 53.

Ka gaida abokan karatunka. Wassalam,

Malaminka.