Kafin a Ɗaura wa Mota Ɗakin Tafi-da-Gidanka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu niyyar sayen ɗakin tafi-da-gidanka, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da murhu da makewayi a cikinsa. Abu ne mai amfani ga mai gona a wajen Giwa ko Soba da ke kwana a bakin aiki lokacin girbi, haka ga masu aikin bincike da masu kai magani ƙauyuka. Damuwata ita ce sabon mai saye yakan kashe kuɗinsa a labule da katifa da talabijin, ya bar kayan da ransa da na sauran masu bin hanya suka rataya a kansu. Waɗannan ɗakuna gwanjo suke zuwa mana, daga Turai ko Amurka, kuma ƙirar wuraren biyu ba ɗaya ba ce. Wanda bai fara sanin daga ina nasa ya fito ba, duk abin da zai saya masa kan sa'a zai saye shi.

Mu fara da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, wanda bakin ɗakin ke hawa. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ke nan, ido ba ya raba shi da na Turai, amma bakin Turai kan ƙi kullewa sosai a kansa. Wanda ya fi haɗari shi ne babban baki a kan ƙaramin ƙwallo. Zai zauna kamar lafiya lau, sai an daki rami da gudu ya yi tsalle ya fita. Girman yana nan an buga shi a saman ƙwallon da jikin bakin, a goge datti a karanta. Bayan an kulle, a murɗa ƙaramar tayar gaba ta ɗakin kamar za a ɗaga shi. In bayan motar ya biyo shi sama, ya kama. In bakin ya zame, to da ma bai kama ba. Akwai kuma bakin Turai mai babban hannu, irin na kamfanin AL-KO, da ke da 'yan faifai a ciki masu matse ƙwallon don rage lilo. Shi ba a shafa wa ƙwallonsa giris, ba a barin fenti a kai. Makanikanmu sun saba duk ƙarfen da ke gogar ƙarfe a lafta masa giris, a nan kuwa giris ɗin ne ke kashe aikin faifan.

Ina roƙon jama'a da babbar murya kada a kai mota wurin mai walda ya liƙa ƙwallo a jikin bamba. Sandar ja ta gaskiya da noti ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, da ƙusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Walda a kan siririn ƙarfe tana tsagewa a hankali daga ciki, ba a gani sai ranar da ta rabu. Ɗakin Amurka yana da sarƙa biyu, a gicciya su a ƙarƙashin bakin domin in ya fita su tallafe shi kada ya caki kwalta. Na Turai yana da siririyar igiyar ƙarfe da ake maƙalawa a jikin mota, wadda ke fizgar birkin ɗakin in ya ɓalle.

Birkin kansa ma ya bambanta. A Turai duk abin ja da ya wuce kilo 750 sai da birkinsa, kuma yana aiki ne da turi: mota ta rage gudu, ɗakin ya turo bakin, turin ya ja birkin. Ba ya buƙatar komai daga cikin mota. Na Amurka yawanci na lantarki ne, sai an saka wata 'yar na'ura kusa da direba, an ja waya har baya. In babu ita, ɗaki mai tan biyu yana bin ka ba birki ko kaɗan, kuma nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu don sun ga fitilun baya suna kamawa. Filogin fitilun ma haka: na Turai mai ƙafa 7 ko 13, na Amurka mai faffaɗan haƙora 7. A tsarin Amurka waya ɗaya ce ke ɗaukar fitilar birki da sigina, a na Turai kowanne da tasa, don haka mai wayarin zai buƙaci ɗan akwatin da ke daidaita su. Haɗa wayoyi da salatif ba ya kai damina ɗaya.

Sai nauyi. A jikin ɗakin akwai farantin da ke nuna iyakar nauyinsa da kaya, a littafin mota kuma akwai iyakar abin da za ta ja. Sienna, alal misali, kilo 1,580 da 'yan kai ne iyakarta, shi ma in tana da kayan ja na kamfani. A Ingila ana shawartar sabon shiga kada nauyin ɗakinsa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa, kuma a kan hanyoyinmu ni ina ganin ya kamata a tsaya ƙasa da haka. Mota mai giyar otomatik tana son a ƙara mata ɗan lagireton sanyaya man giya, don ja a zafin bazara yana dafa man. Nauyin da bakin ke saukewa a kan ƙwallo shi ne ke hana lilo. Ɗakin Turai yana son kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, wato mai kilo 1,200 ya sauke tsakanin kilo 60 da 84. Na Amurka kashi 10 zuwa 15. Sikelin awon mutum da guntun katako sun isa a auna: a tsayar da katakon a kan sikeli daidai tsayin ƙwallon, a sauke bakin a kai. Buhun masara, janareta da jarkokin ruwa a ƙasa ake ajiye su, daidai saman tayoyi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu a can ƙurya ta baya sun isa su ɗage bakin su sa ɗakin rawa.

Rawar nan takan fara ne lokacin da tirela ko tanka ta wuce ka da gudu a hanyar Kaduna ko ta Kano, iskarta ta bugi faffaɗan gefen ɗakin. Kada a taka birki da ƙarfi, kada a yi kokawa da sitiyari. A ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, gudu ya sauka da kansa. Mai birkin lantarki ya danna na ɗakin kaɗai da hannu, zai miƙe. Shawarata kada a wuce kilomita 80 a awa ko hanya ta yi kyau, kuma a sayi madubin ƙari da ake ɗaurawa a kan na mota, domin faɗin ɗakin ya fi mita biyu, madubin mota ba ya hango mai babur da ke bin gefensa. A auna tsayinsa a rubuta a gaban direba saboda wayoyin wuta da suka sauko a unguwanni. Lungunan cikin birni kuwa ba wurinsa ba ne.

Tayar irin wannan ɗaki tsufa ke kashe ta, ba gudu ba. Zanenta zai yi kyau alhali ta shekara goma a tsaye. A duba lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta haura shekara biyar a canza ta, har da safaya, kuma a sa mai ƙarfin ɗaukar nauyin da farantin ya faɗa, ba duk wadda mai faci ya ce za ta shiga ba. Bayan an ɗaura taya a sake bin notinta da sifana in an yi kilomita 50. A kowane zango a taɓa tsakiyar tayar da bayan hannu, in ta yi zafin da ba a iya jurewa, boris ne ko birki ya kama. Ƙafafu huɗu na kusurwoyi don hana girgiza aka yi su, wanda ya ɗaga ɗaki da su zai murɗe daɓensa. A riƙe jak mai ƙarfi, waigi biyu, da 'yan alluna na ɗora taya a daidaita ɗaki a ƙasa mai gangara.

Wutar lantarki ita ce ta fi saurin jawo asara. Tamu bolt 230 ce, daidai da ɗakin Turai, sai dai a nemo shuɗin filoginsa da doguwar waya mai kauri, a sa na'urar kariya saboda hawa da saukar wutarmu. Ɗakin Amurka bolt 120 yake ci. Aka jona shi kai tsaye, cajar batir da firji da na'urar sanyaya ɗaki za su ƙone nan take. Sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ɗaki mai amfiya 30 yana iya jan wat 3,600, don haka ƙaramar da ake saya wa rediyo ba ta ɗauka. A daji kuwa lissafin batir ne. Batir mai ruwa na amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa ɗaya, amma rabi kaɗai ake ci in ana son ya daɗe. Faifan sola na wat 200 zai iya mayar da wannan rabin a rana guda, muddin ana share masa ƙurar hunturu kowace safiya. A sa fis dab da kan batir, don waya ta gogi ƙarfe ba fis gobara ce. Firjin da ke zuwa da yawancinsu, mai aiki da gas, sai ɗaki ya zauna daidai yake sanyi, kuma zafin Maris da Afrilu na Zariya yakan fi ƙarfinsa. Ƙaramin firji mai kwamfaresa na bolt 12 ya fi dacewa da mu.

Gas ba wurin gwaji ba ne. Ɗakunan Turai na bayan 2004 gas mai matsin milibar 30 suke so, wasu tsofaffin na Jamus 50, kuma an rubuta a ma'ajiyar tukunya. A sa kan gas da ya dace da wannan lamba, a canza tiyo, a bi kowane haɗi da ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. A rufe tukunya kafin a tashi. A sayi ƙararrawar hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutum cikin barci, da tukunyar kashe gobara a rataye kusa da ƙofa. Janareta ya yi nesa da taga da aƙalla mita 6. A daren sanyin Janairu kada a kuskura a shiga da gawayi ko a kunna murhu don ɗumi, ɗakin ƙarami ne kuma a rufe yake ruf.

Tankin ruwan ya daɗe a ajiye, a wanke shi da bilic, mililita ɗaya ga kowace lita, ya yi awa huɗu a ɗauraye sosai. Makewayin Turai akwati ne mai cin lita 17 zuwa 19 da ake zarowa daga waje, kuma mu masu tsarki da buta muna cika shi da wuri fiye da yadda masu ƙirar suka lissafa. A juye shi a masai ko sokawe, ba a bakin rafin da makiyaya ke shayarwa ba. Na Amurka tanki ne a ƙasa mai buƙatar tiyo na inci 3, sai mai shi ya tanadi inda zai juye a gida.

Kafin a biya kuɗi a taka ko'ina a daɓen, a danna bango a kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi. Ƙashin yawancinsu katako ne, inda ya yi laushi ruwa ya riga ya shiga, ruwan Agusta da gara za su ƙarasa shi. Ina kira ga dillalai su riƙa shigo da ƙwallo da filogi da na'urar birkin kowane ɗaki tare da shi, su miƙa wa mai saye takardun kwastan cikakku. Jami'an kiyaye haɗurra kuma, in sun tsayar da mai jan irin wannan ɗaki, su duba sarƙa da fitilun baya da shekarun taya, su sa direban ya taka birki su ga ko na ɗakin yana kamawa.

Naku,
Wani makanike,
Sabon Gari, Zariya