Wasiƙa daga Kumasi: me ke tara kumfa a saman shayi?

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da Hajiya. Mu nan Aboabo lafiya lau, sai dai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa, kwatoci sun cika, sauro kuwa ba a magana. Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini cewa na daɗe a jami'ar KNUST amma ba wanda ya san abin da nake karantawa. To ga amsa, ka karanta wa 'yan majalisa.

Gobe idan mai shayi ya tsiyaya maka, ka dakata kafin ka kurɓa. Za ka ga kumfa tana haɗuwa wuri ɗaya, daga nan ta gangara gefen kofi ta manne. Ba mai tura ta, kuma ƙwayoyin kumfar ba su da maganaɗisu. Aikin saman ruwan ne. Saman ruwa a ɗaure yake, kullum yana neman ya miƙe ya rage faɗinsa. Kowace ƙwayar kumfa tana ɗan ɗaga ruwan da ke kewaye da ita, ta kusa da ita kuma, da yake mara nauyi ce, sai ta haura wannan ɗan tudun har su haɗu. A jikin kofi ma ruwa yana ɗan hawa sama, shi ya sa can suke ƙarewa. Abu mai nauyi, kamar allura idan ka ɗora ta a hankali a kwanon ruwa, lotsa saman take yi. Allura biyu za su tarar da juna kamar yadda mutum biyu ke gangarowa tsakiyar tsohuwar katifa. Amma mai ɗagawa da mai lotsawa gudun juna suke. Wannan lanƙwasar ba ta da nisan zango, a ruwa wajen milimita 2.7 ce, bayan nan sai ta fara mutuwa. Masana biyu, Vella da Mahadevan, sun yi wa abin cikakken lissafi a 2005.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne idan ƙwayar abin da ke bisa ruwan ta ƙanƙance har nauyinta ya daina tasiri. A nan siffa ce ke magana. Ƙwaya mai tsawo tana lanƙwasa ruwa a bakinta daban da yadda take yi a gefenta, don haka ba ta kowace fuska suke haɗuwa ba. Ƙwan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro haka yake: uwar tana zuba su ɗai-ɗai a saman ruwa, su kuma su jeru baki da baki, su fitar da zane kamar taurari. Na leƙa wata tsohuwar roba a bayan gidanmu da gilashin ƙara girma ina neman su, maƙwabta suna ta kallona kamar na taɓu.

Nawa aikin ya shiga can ciki. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana lulluɓe da tantani na maiƙo, kaurinsa wajen nanomita 5, wato ka raba milimita ɗaya gida miliyan ka ɗauki biyar. Shi ma ruwa-ruwa ne, furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gina jiki, suna yawo a cikinsa. Bambancinsa da saman shayi shi ne ya fi ƙin a lanƙwasa shi, kuma wani Bajamushe, Helfrich, ya rubuta lissafin wannan tun 1973. Furotin mai siffar mazurari idan ya zauna a ciki dole ya karkata tantanin, maƙwabcinsa kuma ya ji a jikinsa. A 1993 Goulian da Bruinsma da Pincus suka lissafa cewa irin waɗannan guda biyu korar juna suke yi, kuma idan ka ninka tazarar da ke tsakaninsu sau biyu, makamashin wannan korar yana komawa kashi ɗaya cikin 16.

To ga inda gizo ke saƙar. A 2007 aka gwada da kwamfuta, aka ga idan lanƙwasar ta yi tsanani sai furotin ɗin su taru, su tattare tantanin har ya kumbura ya zama 'yar jaka. Lissafin 1993 ɗin na ƙaramar lanƙwasa ne kawai. Sannan ba ka isa ka lissafa su bibbiyu ka tara ba, domin shigowar na uku tana canza abin da ke tsakanin biyun farko. Ni a ganina nan ne daɗin fannin yake, nan ne kuma yake hana ni barci, don kwamfutata sai ta kwana tana aiki a kan ƙwayoyi 'yan kaɗan, in wuta ba ta ɗauke ba.

Ka sa yaran su gwada na allurar. Su ɗora ta a kan 'yar takarda mai laushi a saman ruwa, takardar za ta jiƙe ta nutse ta bar allurar. In sun gama kallo su ɗiga ruwan sabulu, nan take za ta nutse, don sabulu yana sassauta ɗaurin.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Idan ka sami mai zuwa, kar ka manta da kilishin da ka yi alkawari.

Wassalam,
Naka amini, daga Kumasi