Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga membobi da iyayen yaranmu masu wasan besbol a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, iyayen yara maza da mata, malamai masu horarwa, da sauran 'yan uwa membobi: kwamiti ya ɗora mini rubuta abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba, domin wanda bai samu zuwa babban taro ba ya karanta a wayarsa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa a gaban kowa, da rasiɗai a kan tebur. Ni nawa bayanin aiki ne.

Atisaye ya ci gaba a filin makarantar firamaren da aka ba mu aro, Laraba da yamma tunda ba karatu, da Asabar da sassafe. Azumi ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, don haka muka rage wasa zuwa jifa da cafe kawai bayan la'asar, goman ƙarshe kuma muka rufe gaba ɗaya. Damina ta ci mana wasu ranaku a Yuli da Agusta saboda taɓo. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba gari bai natsu ba, kwamiti ya ga babu dalilin fito da yaran mutane kan titi, muka dakata har hankali ya kwanta. In ban da waɗannan, ba a fasa ko rana ɗaya ba, kuma godiyar wannan ta malamai ce, waɗanda ba a biyansu ko sisi.

Kayan wasa har yanzu su ne ciwon kanmu. Ƙwallon besbol fata ce da aka ɗinke da jan zare, ɗinki 108, tsakuwar filinmu kuwa cin zaren take kamar gara. Wani baduku a babbar kasuwa ya karɓi ɗaya ya warware ta, ya gane yadda aka bi da allura, yanzu shi ke sake ɗinke mana su, shi ke kuma gyara safar hannu idan igiyarta ta tsinke. Allah ya saka masa. Gorar da kafinta ya sassaƙa mana ta yi wa ƙananan nauyi, mun bar wa manya. Hular kwano ba ta isa ba, sai yaro ya cire ya miƙa wa ɗan uwansa. Duk da haka dokarmu tana nan daram: babu yaron da zai tsaya gaban mai jifa da kai a buɗe, ko da hakan zai sa wasa ya yi jinkiri.

Daren 24 ga Agusta

Abin da ya juya mana shekarar nan ya faru ne a tsakar gidan ɗaya daga cikin dattawanmu a Hausare, inda muka fito da talabijin muka shimfiɗa tabarmi domin yara su ga wasan ƙarshe na gasar Little League ta duniya. Ga wanda bai san ta ba: gasa ce ta yara 'yan shekara 10 zuwa 12, ana yin ta duk watan Agusta a Williamsport, jihar Pennsylvania ta Amurka, tun 1947. Wani mutum mai suna Carl Stotz ne ya kafa tsarin a garin a 1939 da ƙungiyoyi 3 kacal. Tun 2022 ƙungiyoyi 20 ke zuwa, 10 daga Amurka, 10 daga sauran duniya, zakaran kowane ɓangare ya kara da ɗan uwansa a ranar ƙarshe. Tsakaninmu da su awa 5 ne, don haka wasan da suka fara da rana mu bayan isha'i ya same mu. Yaran Taiwan suka doke na jihar Nevada 7 da 0, kofinsu na 18, kuma na farko tun 1996.

Malamai sun zo da littafi da biro, kuma sun amfana. Sun tabbatar da awon fili na yara: kusan mita 18 daga tasha zuwa tasha (wuraren da mai bugu ke gudu ya tsaya), mita 14 daga mai jifa zuwa mai bugu, zango 6 maimakon 9 na manya. Mun koma mun sake auna namu da igiya, ashe mun yi shekaru muna sa yara jifa daga nesan da ya fi ƙarfin kafaɗarsu. Sun kuma ga ana ƙirga jifa ɗaya bayan ɗaya: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce 85 a rana, wanda ya haura 65 sai ya huta kwana 4. A da idan yaro yana da hannu sai mu bar shi ya yi ta jifa har ya ce kafaɗa na ciwo. Kuskure ne, mun daina. Tun Satumba akwai mai riƙe da littafin ƙirga a kowane atisaye.

Ana cikin murnar ɗaga kofi wani yaro ɗan aji biyar ya juyo ya ce da malaminsa, «Malam, mu yaushe za mu je?» Babu wanda ya yi dariya. Malamin ya ce ya bari zai bincika masa hanya, kuma binciken ne ya kai mu ga aikin da ya fi cin lokacinmu a bana.

Hanyar ita ce: nahiyar Afirka ba ta da kujerarta ita kaɗai, an haɗa ta da Turai, kujera ɗaya tal, ana neman ta a garin Kutno na ƙasar Poland. A bana yaran Brno na Jamhuriyar Cek ne suka same ta. Daga nahiyarmu Uganda ce ta taɓa isa Williamsport. A 2012 yaran garin Lugazi suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta taka filin, a 2015 wasu daga Kampala suka koma har suka doke Jamhuriyar Dominika 4 da 1 a wasansu na farko, ƙasar da besbol ne abincinta. Amma labarin da ya hana ni barci na 2011 ne. A shekarar nan yaran Kampala sun ci gasar share fage a Kutno da guminsu, kujera ta zama tasu, sai aka hana su bizar Amurka saboda ranakun haihuwar da ke takardunsu ba su dace da juna ba. Ƙungiyar Saudiyya da suka doke, tunda a lokacin da Gabas ta Tsakiya aka haɗa Afirka, ita ta tafi a madadinsu. Masu gasar ba sa wasa da zancen shekaru: a 1992 sun ƙwace kofi daga hannun wata ƙungiyar Filifin kan 'yan wasan da ba su cancanta ba, a 2001 suka soke nasarorin wata ƙungiyar New York saboda mai jifanta ya haura shekaru.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Washegari kwamiti ya ce kowane yaro ya zo da takardar haihuwarsa.

Abin da muka tarar

Iyayena, abin da muka gani ya sanyaya mana jiki. Fiye da rabin yaran babu takarda ko kaɗan. An haife su a gida, an raɗa suna ran bakwai, an yanka rago, babu wanda ya taka zuwa ofishin magajin gari. Cikin masu ita, wani sunan da ke takardar daban, wanda ke rajistar makaranta daban: a gida Mamman, a takarda Mohamadou, a makaranta Mahamat. Wani an rage masa shekara biyu domin a karɓe shi aji ɗaya. Wani kuma takardar yayansa da ya rasu ake amfani da ita, mahaifiyar ta faɗa mini haka tana share hawaye, ba da nufin cuta ba, don dai kada a kore shi daga makaranta.

A nan ne zancen ya wuce besbol. Kowa a nan ya san yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya zama jarrabawar CEP a ƙarshen firamare, ba ya shiga jarrabawar sakandare, gobe kuma ba katin ɗan ƙasa, balle fasfo. Muna zancen Poland da Amurka, alhali wasu yaranmu ko ƙofar sakandaren unguwarsu ba za su iya shiga ba. Na yi shekaru ina rubuta sunayen yaran nan a littafin ƙungiya ban taɓa tambaya ba, kuma wannan sakaci ne da nake ɗauka a kaina.

Wanda wa'adin rajista ya wuce shi, sai ta kotu: abin da ake kira jugement supplétif da Faransanci, wato hukuncin da ke maye gurbin rajistar da ba a yi ba. Ana neman takardar likita mai kimanta shekarun yaro, da shaidar cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, da shaidu da suka san haihuwar, sannan a jira ranar zama. Idan alƙali ya yanke, a ɗauki hukuncin a kai ofishin rajista a rubuta takardar. A baki gajere ne. A ƙafa kuwa, akwai ofishin da na je sau huɗu kan fayil ɗaya, kullum a ce mai sa hannu ba ya nan. Akwai uban da ya yi asarar yinin kasuwa uku a jere, ran na huɗu ya ce ya haƙura, sai da dattawa biyu suka je gidansa da dare suka lallashe shi. Iyaye mata ne suka fi tsayawa tsayin daka. Su suka tuna wace ungozoma ce ta karɓi haihuwa, wace shekara ce ruwan Binuwai ya shigo unguwa, wane ne ya yi huɗubar suna. Mai unguwa ma ya ba mu goyon baya, ya tura wakilinsa ya yi shaida inda ake bukata.

Kwamiti ya yanke shawara mai nauyi: kuɗin da muka tara domin sayen riguna iri ɗaya, mu karkatar da shi ga kuɗin tambari da na kotu na yaran da iyayensu ba su da hali. Na san wasu ba su ji daɗi ba, musamman matasan da suka fi kowa wahala wajen tara gudummawar. Ina neman afuwarsu kan rashin kiran taron gaggawa kafin a taɓa kuɗin, haƙƙinsu ne a tambaye su. Amma shawarar kanta ina tare da ita har yau. Zuwa ƙarshen Disamba wasu takardun sun fito, kuma 'yan ajin ƙarshe na firamare da ke cikinsu sunansu ya shiga jerin masu jarrabawa. Sauran fayilolin suna kotu.

Mun kafa doka ɗaya a kai, kuma ina roƙon babban taro ya amince da ita a rubuce: ba za mu rage wa yaro ko wata ɗaya ba. An kawo mana shawarar tunda yanzu ake yin takardar, a saukar da shekarun masu ƙarfin jifa domin su daɗe a rukunin ƙanana. Mun ƙi. Abin da uwa da shaidu suka faɗa tsakaninsu da Allah, shi za a rubuta. Yara biyu daga cikin gwanayenmu sun fita daga rukunin 'yan 12 saboda haka, mun buɗe musu wuri a matsayin masu taimaka wa malamai.

Sauran al'amura

A watan Mayu muka fara Baseball5, nau'in da hukumar wasan ta duniya, WBSC, ta tsara daga wasan titi na yaran Kuba. Mutum 5 a kowane gefe, ƙwallon roba, ba gora, ba safar hannu, da tafin hannu ake bugu, tazarar tasha mita 13. An yi gasar duniya ta farko a birnin Meziko a 2022, ta matasa kuma a Ankara a 2023, duka Kuba ta ɗauka. Yana cikin wasannin Olamfik na matasa da za a yi a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karo na farko da wani taron Olamfik zai sauka a Afirka. Amfaninsa gare mu a fili yake: ƙwallo ɗaya da alli sun isa. Ta nan ne 'yan mata suka shigo. A gasar duniya maza da mata a haɗe suke wasa, amma mu mun bi abin da iyaye suka nema: 'yan mata da ranarsu daban, da hijabinsu, wata malama na tsaye a kansu, a tashi kafin magariba. Saurin hannun wasu daga cikinsu ya ba malamai mamaki.

Tafiyar sada zumunci zuwa Marwa da muka yi alkawari bara ba ta yiwu ba, kuɗin mota ya tafi kotu. Wasiƙar neman rajista da hukumar wasan ta ƙasa a Yawunde tana rubuce, mun riƙe ta har jerin sunayen yara ya daidaita da takardunsu. Mu ba membobin Little League ba ne tukuna, kada kowa ya faɗa wa yaro cewa baɗi za a tafi Poland. Wasu iyaye sun koka cewa atisayen Asabar yana cin lokacin makarantar allo, kokensu gaskiya ne, daga Janairu za a tashi da ƙarfe tara daidai.

Ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar nan ya rasu da damina, shi ne ya fara nemo mana filin da muke kai. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Za mu buɗe taro da yi masa addu'a.

Ranar taron, duk uba ko uwar da fayil ɗin ɗansu bai kammala ba su zo da katin ɗan ƙasarsu, da katin rigakafin yaron idan akwai, da sunayen shaidu biyu. Wanda aka yi wa haihuwa a watannin nan kuma, don Allah ya je ya yi rajista tun wa'adi bai wuce ba, idan yana son rakiya ya faɗa mini in raka shi. Masu sababbin yara da ke son shiga a Janairu su zo da kwafin takardar haihuwa, wanda ba shi da ita ba za a kore shi ba, za a buɗe masa fayil a ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
Garwa, Disamba 2025