Kafin ka ja ayarin kekuna zuwa Zariya

Assalamu alaikum, ɗana.

Mahaifiyarka ta ce abokanka sun ɗora maka jagorancin tafiyar keke daga Kano zuwa Zariya. Na yi murna, amma amanar rayuka ce aka ba ka, don haka ka karanta wannan da natsuwa.

Tafiyar ta kai wajen kilomita 150. Idan kuna cin kilomita 18 zuwa 20 a awa, taka feda kaɗai zai ɗauki awa takwas, ban da salla da hutu. Ku bar Na'ibawa da an idar da sallar asuba. Tun a gida ku yanke cewa idan azahar ta yi ba ku wuce Kwanar Dangora ba, mota za ku nema. Shawarar da aka bari sai an gaji, gardama take zama, kuma ban yarda duhu ya same ku a titin da tireloli ke bi ba.

Gudun ayari shi ne gudun wanda ya fi kowa rauni. Kada ka auna da ƙafarka. Wanda ke bin bayan wani a kusa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, saboda haka mai rauni ya zauna a tsakiya, masu ƙarfi su riƙa karɓa-karɓa a gaba duk minti goma. A gasar Tour de France ta Faransa, abokan tafiya ne ke tare wa jagoransu iska don ya lashe. Kai ba gasa ka fita ba, kai za ka fara tare musu. Ku bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin keke da keke. Idan tayar gaban wani ta goge tayar bayan na gabansa, na bayan ne zai sha ƙasa, ya kwashe waɗanda ke biye. Na gaba ya nuna rami da hannu, ya faɗa da baki.

Ka sa mutum mai haƙuri a ƙarshen layi, ka ba shi famfo, tif biyu, faci, sholisho da sifana. Taya maras isasshiyar iska idan ta daki bakin rami, ƙarfen da tayar ke kai ne ke tsinke tif, ka ga huda biyu jere. Kafin a sa sabo, a shafa cikin tayar da yatsa, don ƙayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu.

Kowa ya sha aƙalla rabin litar ruwa duk awa, ya ci dabino ko ayaba tun bai ji yunwa ba. Samari ba sa faɗin sun gaji, kunya ke hana su. Ka lura da wanda ya daina hira, ko kekensa ya fara tangaɗi. Tsayar da kowa, ka ce hutu ya yi, kada ka nuna shi. In ya fara sambatu ko jiri, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti nan take.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, wato za ta tura ku zuwa Zariya, ta tare ku a dawowa. Kada daɗin zuwa ya sa ka yi musu alkawarin komowa a kan keke washegari.

Ka sa hular kwano kafin ka ce kowa ya sa. Ka kira ni daga Kura, ka sake kira daga Tashar Yari. Allah Ya tsare hanya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka