Tumatirinmu na ruɓewa a gona, muna miyar Sallah da na leda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ya sanyi? Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da mata 'yan'uwana, da kuma mazan da cefane ke hannunsu. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Garun Malam. Maigidana manomin rani ne, gonarsa na shan ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin marigayi Audu Bako aka kammala a 1974. Tun da ruwan nan ya iso mana, Kura da Bunkure da Garun Malam suka daina zaman jiran damina. Hunturun da wasu ke yi wa kallon lokacin jin wuta da hira, mu nan shi ne kakarmu ta biyu.

Abin da ya dame ni shi ne, ƙasar da ke ciyar da Legas da tumatir ta koma yin miyar Sallah da tumatirin leda. Duk wanda ya bi hanyar Zariya a watan Fabrairu ya tsaya a Kwanar Gafan, zai ga kwanduna jere har inda ido ya tsaya, ga manyan motoci ana ta lodi zuwa Kudu. Ranar da kaya suka yi yawa, dillali sai ya taya kwando a kuɗin da bai kai na ɗauko shi daga gona ba. Manomi ya tsaya ya yi shiru, don tumatir ba gero ba ne da za a mayar rumbu a jira kasuwa ta gyaru. Ko ya sallama, ko ya bar wa awaki. Amma ka dawo ƙauyen nan a watan Mayu ko Yuni, za ka iske matar wannan manomin tana aiken yaro shago ya sayo mata markaɗaɗɗen tumatir na leda, wanda sau da yawa asalinsa daga Sin aka kawo shi a ganguna. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ba sau ɗaya muka sha wannan ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu, kwana kaɗan aka yi amma tumatir da albasa suka rasa mai saye. A farkon 2023 kuma, ƙarancin takardun naira ya faɗo daidai lokacin tsinka, masu kwasar tumatir ba sa karɓar taransifa, dillalai ba su da tsabar kuɗi. Kafin nan, a 2016, tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, tumatir ya gagari talaka har a Kano. Bana arha ta kashe manomi, baɗi tsada ta kashe mai miya. A shekarun nan duka, gidan da bai ji jiki sosai ba shi ne gidan da ke da buhun kauɗa a rataye.

To me ya sa na tayar da maganar yanzu? Saboda lissafin wata ya juyo ta gefenmu. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, Babbar Sallah kuma ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara suna matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Idan Allah ya kai mu 2030, a watan Janairu za a yi azumi, cikin tsakiyar sanyi. Rabon da a ga haka tun wajejen 1997. Ke nan yawancin matan auren yau ba su saba yin girkin azumi da na Sallah a lokacin da lambu ke cike ba. Shekarun nan da muke shiga, buɗa-baki zai zo daidai da latas da karas da kabeji da gurji da ɗanyar albasa, Ƙaramar Sallah kuma daidai da arhar tumatir da attaruhu da tattasai. Babbar Sallah ce za ta ci gaba da faɗowa cikin zafi na wasu shekaru, lokacin da furen tumatir ke zubewa saboda rana, kaya su yanke. Don haka miyar naman layya tun a Fabrairu ake tanadinta.

Na san abin da 'yan mata za su ce: kauɗa ƙasa gare ta, ga baƙi, ga tsami. Gaskiyarsu, idan irin wadda ake shanyawa a gefen titi ce, mota ta wuce ta bulbula mata ƙura, akuya ta taka, kaza ta tona. Amma laifin na mai shanya ne. Ga yadda muke yi a gidanmu. Ana zaɓar tumatir mai tsoka wanda ya nuna bai lugwigwice ba, irin dogon nan, domin mai ruwa-ruwa ƙanƙancewa yake ya bar ki da fata. A wanke, a bari ya tsane, a tsaga biyu. Maigida ya kafa mana 'yan sanduna a tsakar gida, tsayinsu ya kai ƙugu, aka ɗora asabari a kai, iska na shiga ta sama da ta ƙasa. A jera tumatirin cikinsa na kallon rana, a barbaɗa gishiri kaɗan, sannan a lulluɓe da tsohon gidan sauro da aka wanke tas, saboda ƙuda da ƙura. Da magariba a shigar da shi ɗaki kada raɓa ta taɓa shi, don raɓar ce ke sa shi baƙi da fumfuna. Iskar hunturu ba ta da laima sosai, ita ke yin rabin aikin. Idan kika lanƙwasa yanki ɗaya kika ga ba ya danƙo a yatsa, ya yi. Sai buhu mai tsabta, a rataye nesa da ƙasa. Ranar girki a jiƙa da ruwan ɗumi, a haɗa da busasshen tattasai don ja, a kai inji, a jefa 'yar kanwa ta kashe tsamin. Surukata da ke zaune a birni ta ci miyar nan ta yi santi, sai da ta ga buhun sannan ta yarda.

Haka ake yi wa kuɓewa da attaruhu da zogale da rama. Albasa kuwa ba ta son buhu, rumfa take so mai iska.

Maganar surukata ta kawo ni kan Sallah. A gidanmu tun ina amarya, jajibere ba a barci. Da daddare ake kwaɓa funkaso da garin alkamar gonarmu, a rufe ya tashi. Alkamar nan a watan Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shukata, sanyi take so, a girbe wajejen Maris, kuma ita ce ta alkaki da taliyar Hausa. Kafin maza su sauko daga Idi, miyar taushe ta nuna: kabewar da ta yi yaɗo a kan danga, yakuwa da alayyahu daga bayan ɗaki, gyaɗa, daddawar kalwa, ƙashin rago ko na sa. Ga waina, ga tuwon shinkafar Kura. Sai a jera kwanuka, kowane yaro da gidan da zai kai: wannan na liman, wannan na surukai, wannan na tsohuwar da ba ta da mai yi mata girki. Kwano kuma ba ya dawowa haka nan, da abincin wancan gidan yake dawowa. Kafin azahar ka ɗanɗani hannun matan unguwa duka, kuma kowace miya kana iya faɗin gidan da ta fito.

Yanzu fa? Yaranmu na birni, Allah ya yi musu albarka, suna isowa da but ɗin mota cike da katan-katan: taliyar kamfani, dunƙulen ɗanɗano, tumatirin gwangwani, lemon roba. Niyyarsu mai kyau ce, ba na raina kyauta. Amma sai ka buɗe kwano biyar daga gida biyar ka tarar da abu ɗaya, shinkafa da jar miya mai ɗanɗano ɗaya. Jikata ta taɓa tambayata ko karas a bishiya yake fitowa, alhali kakanta buhu-buhu yake haƙa. Na kama hannunta muka tafi gona ta tumɓuke da kanta, ta wanke a ruwan da ake ba gona ta cinye a tsaye. In da yaran nan za su ji tawa, kuɗin katan ɗin su turo wa mahaifinsu a watan Oktoba, lokacin da yake neman na iri da taki da man inji. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu ban ruwa da injin famfo suke kuka, wasu sun rage fili, masu hali sun koma sola. Abin da aka zuba a gona a Oktoba shi zai dawo musu a kwano ranar Sallah, har su cika but ɗin su koma da shi.

Malamanmu ma sun karantar da mu cewa zakkar fid-da-kai daga abincin da mutanen gari suka fi ci ake fitar da ita, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Iyayenmu gero da dawa suke aunawa daga rumbunsu. Ban ce wanda ya sayo a kasuwa ya yi laifi ba, wannan fagen malamai ne. Na dai lura cewa hatsin da aka auna daga rumbun gida, maigida ya san shekarar da ya noma shi, kuma ba ya jin kunyar miƙa shi.

Wadda ba ta kusa da ruwan Tiga ko fadamar Haɗeja kada ta ce ban da ita. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ake zubarwa kullum ya isa ya rayar da zogale biyu da kwamin alayyahu. Tsohon buhun siminti ko fasasshen bokiti, a cika da ƙasa da takin awaki wanda ya huce, zai ɗauki gindin attaruhu. Babban abokin gaba kaji ne, sai a kewaye da kara ko ƙaya. Ruwan sabulu kawai za a kiyaye.

Ga hukuma kuwa, ba na neman abu mai girma. A riƙa yashe hanyoyin ruwa kafin Nuwamba, domin kacala da yashi na toshe su, gonakin da ke can ƙarshen layi sai ruwa ya iso musu a makare, dashe ya wuce lokaci. Malaman gona su ma su tuna da mata. Duk taron da ake kira na maza ne, alhali yanka da shanya da adanawa a hannunmu suke, cikin gida.

Kai kuma Malam Edita, ga nawa roƙon. Kuna buga farashin hatsi da na dala. Daga Janairu zuwa Maris ku ƙara mana da farashin kwandon tumatir da buhun albasa da attaruhu, na Kwanar Gafan da na 'Yankaba, kowane mako. Matar da ke Kano ko Dutse idan ta ga makon da kaya suka faɗi, sai ta haɗa kuɗi da maƙwabtanta su sayi kwando biyu ko uku su shanya. Manomi ya samu mai saye a ranar da ya fi buƙata, ita kuma ta huta da tsadar bazara. Masu wayar zamani su karanta wa marasa ita, mu nan a gidan suna da gidan biki labari ke yawo.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya kai mu Sallah lafiya.

Taka mai karatu,
Wata tsohuwar malamar firamare,
Ƙaramar hukumar Garun Malam, Jihar Kano.