Ba kowane tari ne tarin fuka ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don jan hankalin ma'aikatan lafiya da iyaye kan wani ƙari da ake yawan ɗauka tarin fuka ne.

Yana fitowa ne a bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu, daga ƙwayoyin haihuwa irin na maraina da kwan mace, waɗanda ake ganin sun maƙale a nan tun ɗa yana cikin uwa. Mafi yawansa nau'in teratoma ne mara yaɗuwa, har gashi da haƙori akan tarar a ciki, kuma tiyata ta isa. Mai yaɗuwar kuwa cutar kansa ce, iri biyu (seminoma da wadda ba seminoma ba), kusan maza kaɗai take kamawa, 'yan shekara 20 zuwa 40.

Saurayi zai zo da tari, ciwon ƙirji, haki da rama. Wani fuskarsa ta kumbura, jijiyoyin wuya su tashi, don ƙarin ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Abin da ke damunmu shi ne a ga inuwa a hoton ƙirji, gwajin majina na GeneXpert, mai gano tarin fuka, bai nuna komai ba, amma a ɗora saurayin kan maganin tarin fuka na wata 6. Kafin ya gama, ƙarin ya cika ƙirji.

A irin wannan hali a yi hoton CT, a auna AFP, beta-hCG da LDH a jini, wato sinadaran da kan hau in akwai irin wannan kansar, a duba maraina da na'urar sikanin, ko daga can cutar ta taso. Idan AFP ya hau, to ba tsantsar seminoma ba ce, kuma magani ya bambanta. In za a ɗebi tsoka a gwada, a yi da allurar kashe wuri. Sa mai babban ƙari barci a kwance na iya toshe masa hanyar numfashi nan take.

Seminoma tana jin magani, akasarin masu ita na warkewa. Ɗaya nau'in, wanda ba seminoma ba, ya fi taurin kai: zagaye 4 na magani mai cisplatin, kowanne kwana 21, sannan a yi tiyata a cire ragowar. Likitoci da yawa na sa maganin ifosfamide a madadin bleomycin da aka saba haɗawa da cisplatin, saboda bleomycin na lalata huhun da za a buɗe ƙirji a kansa. A kuma yi wa saurayin bayanin ajiye maniyyi kafin a fara, domin maganin na iya taɓa haihuwa.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya