Furen edelweiss ya wuce a ce masa "farin fure" kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da aiki.

Na ga hoton furen edelweiss da kuka sa a shafin muhalli, amma bayanin da ke ƙasansa bai wuce "farin furen tsaunukan Turai" ba, gaskiya abin bai min daɗi ba don tsiron nan akwai abin faɗa a kansa sosai.

Wannan farin abin mai kama da tauraro da kowa ke ɗauka shi ne furen, to ba shi ba ne fa, ganye ne wanda gashi ya lulluɓe shi fari fat kamar an barbaɗa masa auduga. Furannin na gaske su ne 'yan dunƙule-dunƙulen nan masu ruwan ɗorawa da ke tsakiya, biyar ko shida, kuma kowane ɗaya tarin furanni ne mitsi-mitsi. Gashin nan ma ba ado ba ne, shi ke tare masa sanyi, shi ke hana iska ta busar da shi, kuma shi ke kare shi daga zafin hasken rana wanda can saman dutse ya fi na ƙasa cutarwa nesa ba kusa ba. Ku duba inda yake rayuwa mana, tsaunukan Alps da Pyrenees da Carpathians, daga wajen mita 1,800 zuwa 3,000, a tsagar dutsen farar ƙasa inda ƙasar ma 'yar kaɗan ce, tsayinsa da ƙyar yake wuce santimita 20, ya bari sai tsakanin Yuli da Satumba sannan ya yi fure. Ikon Allah kenan.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, ƙanƙara ba ta ga bayansa ba amma hannun mutane ya kusa. A ƙarni na 19 masu yawon buɗe ido suka dinga tumɓuke shi har da saiwa don a san sun hau dutse, har sai da yankin Obwalden na Suwizalan ya hana tone shi a 1878. Yanzu doka na kare shi a ƙasashe da dama, Ostiriya ma hotonsa ne a jikin kwabbanta na santi 2 na Yuro.

Don Allah Malam Edita in za ku sake sa hoton tsiro irin wannan ku ba shi ko da rabin shafi ne, a faɗa mana inda yake fitowa da yadda yake rayuwa, akwai masu son karantawa wallahi.

Naku,
Mai bibiyar shafin muhalli